Ranar Ruwa: Daga Zongon Lome Zuwa Kadawa

Mutumin Zongon Lome ba manomi ba ne. Tun kaka da kakanni da fatauci aka san unguwar: goro, shanu, daga baya albasa da tumatir da sauran kayan miya. Ko a 1977, da gwamnatin Eyadema ta rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari ta kwashe jama'a zuwa Togblekope, can arewa da birni dab da kogin Zio, ba wanda ya ce ga ƙasa ga ruwa, a koma gona. Aka kafa rumfuna, aka ci gaba da jiran motocin Arewa. Sai dai duk buhun albasar da ake saukewa daga Galmi ko Konni a tsakiyar rani, akwai wani a bayansa da ya yi sammako ya tsaya bakin kwata yana jiran a sako masa ruwa. In ruwan ya makara kwana uku a lokacin da albasa ke yin kai, mu nan za mu gani a girmanta, mu kuma ji a farashi.

Ni a ƙasar Kura ta Kano na tashi kafin neman abinci ya kawo ni bakin teku, shi ya sa in dillalai na musu a kan tsadar kaya, hankalina kan tafi wurin da musun ya samo asali, wato yadda ake raba ruwan kanal, da yadda rabon ya sauya a cikin shekara hamsin.

Kafin dam, noman rani aikin fadama ne. Mai lambu ya kafa jigo a bakin rafi ko rijiya, guga a wannan gefe, curin laka a wancan, yana ja yana juyewa. Ruwa ya bi 'yar kwata, yaro na gaba da fartanya yana buɗe wannan kwami yana tare wancan. Babu ofis, babu jadawali. Iyakar ƙarfin damtsenka, iyakar lambunka. Kuma ban taɓa jin an zargi mai jigo da ɓarnar ruwa ba, don wanda ya ja da hannunsa ya san nauyinsa.

Farin farkon shekarun 1970 ya tarar da Gwamnan Kano Audu Bako ya riga ya ɗaura ɗamarar gina madatsu. Da Bagauda aka fara, sannan Tiga, wadda aka yi tsakanin 1971 da 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Injiniyoyin kamfanin NEDECO na ƙasar Holan suka zana aikin ban ruwa na Kogin Kano, aka gwada a Kadawa, aka ƙiyasta kashi na farko zai kai hekta 22,000 a yankunan Kura da Bunkure da Garun Malam, ko da yake ba duka aka kammala a lokacin ba. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya kwarin koguna, aikin ya koma hannun Hukumar Hadeja-Jama'are.

Tsarin yana da kyau, gaskiya. Babu inji ko ɗaya da ke tura ruwan. Daga Tiga yake gangarowa ta babban kanal zuwa tafkin Ruwan Kanya, daga baya ya rabu reshen gabas da na yamma, kowane reshe ya haifi ƙanana, ƙananan su haifi kwatocin da ke bin gefen gonaki. Masu zanen sun lura cewa ruwa ba ya barci amma manomi yana yi, sai suka haƙa tafkuna a tsakanin gonaki inda ruwan dare ke taruwa, da safe a sake shi haɗe da na rana. A bakin gona kuma da lanƙwasasshen bututu ake zuƙo ruwa daga kwata zuwa kunya, ba a fasa ganuwa. Muna yara, iya cika bututun nan da ruwa, ka toshe bakinsa da tafin hannu ka jefa shi ya kama, shi ne shaidar ka fara zama mutum.

Lissafin da ke ƙarƙashin wannan duka ba mai wuya ba ne. Milimita 1 na ruwa a kan hekta 1 lita 10,000 ne. A zafin Maris da Afrilu, shuka da rana kan shanye milimita 7 zuwa 8 a yini, wato lita 70,000 zuwa 80,000 a kowace hekta. Ka ƙara abin da ke tsiyaya ta ƙasan kanal da abin da ke wucewa ta magudanar ƙarshe. Shi ya sa injiniyoyi ke ƙiyasi da kusan lita 1 a kowace daƙiƙa ga kowace hekta, dare da rana. Wahalar tana wajen lokaci. Ruwan da aka sako daga dam yanzu ba yanzu zai isa gonar ƙarshe ba, yana ɗaukar sa'o'i masu yawa a hanya. Don haka dole mai riƙe da makullin geti ya san yau abin da gonaki za su buƙata gobe da jibi. Kuma ba zai sani ba sai in ya san me aka shuka, a ina, kuma yaushe.

A farkon al'amari ya sani. Alkama aka tsara wa rani, a shuka ta a tsakiyar Nuwamba don ta ci sanyin hunturu, kowa a lokaci ɗaya. Tarakta ta hukuma ce, iri da taki ta hannun hukuma suke zuwa, malamin gona na zagayawa a kan babur da littafinsa. Kowane yanki da ranarsa. Mai geti ya zo da safe ya buɗe, da yamma ya kulle. Dattawa har yanzu suna yabon wancan zamani, ni ma ina yabonsa, amma da ɗan taka-tsantsan. An ci da zuci wajen karɓar gonaki da sake raba su, kuma manomi ya zama kamar ɗan ƙodago a ƙasar ubansa. Abin da ya faru a aikin ban ruwa na Bakolori a watan Afrilun 1980, inda 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, ya isa ya tuna mana cewa wancan tsari ba da lallashi kaɗai aka kafa shi ba. Amma abu ɗaya ba a iya ƙwace masa: in an ce ruwanka Talata ne, Talata zai zo.

Abubuwa biyu suka kwance shi. Na farko kuɗi. Da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, aka rage wa hukumomin kasafi da ma'aikata, aka janye su daga harkar tarakta da taki. Laka ta fara cika kanal, ciyawa ta kama gefensa, geti ya yi tsatsa, sikelin da ke nuna tsayin ruwa ya goge ba a sake fenti ba. Na biyu kuwa manomi ne da kansa, wanda ya gano alkama ba ita ce mai kuɗi ba. Hana shigo da alkama da gwamnatin Babangida ta yi a 1987 ya ɗan farfaɗo da ita, da aka ɗage haramcin ta sake kwantawa. Tumatir ya mamaye, kasuwar Kwanar Gafan ta cika da kwanduna masu tafiya Ikko, ga masara, ga albasa, ga rake. Daga ƙarshe shinkafa ta zo ta zauna. Bayan shirin bashin manoma na 2015, da kuma rufe iyakokin Nijeriya a watan Agustan 2019, wanda mu 'yan Lome da Kwatano muka ji a jikinmu don motoci sun yi cirko-cirko a Seme, duk mai ɗan fili a Kura shinkafa yake so.

To, ka duba abin da wannan ya yi wa jadawali. A kwata ɗaya, wannan yana da tumatir mai son ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, maƙwabcinsa yana da shinkafa mai son a cika mata fadama ta kwanta, na gaba bai ma yi shuka ba, yana jiran ya sayar da ta damina ya sami kuɗin taki. Shinkafar da ake tara wa ruwa takan ci ninkin abin da alkama ke ci, wani lokaci fiye. Kanal ɗin da aka auna faɗinsa da ƙishirwar alkama aka ɗora wa ƙishirwar shinkafa. Ranar ruwa ta zama ranar da ruwa ya ga dama.

Daga nan mutane suka kasu biyu, ba bisa dangi ko jam'iyya ba: na bakin ruwa da na wutsiya. Na bakin ruwa ya jera buhunan yashi a kwata ya tada ruwa ya cika gonarsa har ta yi ambaliya. Na wutsiya ya kwana a gona da tocila, ya bi kwata da tsakar dare yana janye buhunan. An fasa kwaɗo, an fasa ganuwar kanal, an fasa kawuna. Kawuna yana da gona a tsakiya, ba gaba ba baya ba, na taɓa ganin ya bar ruwa na shiga tumatirinsa alhali ƙasar jiƙe take sharkaf. Na ce, "Kawu, ai jiya ta sha." Ya ce, "Ɗana, na san ta sha. Kai ka san yaushe zai dawo?"

Shekaru ke nan ina jin masana na cewa manomanmu suna ɓarnar ruwa saboda rashin ilimi, a kai su bita, a koya musu. Ban yarda ba. Mutumin da kakansa ya yi noma da jigo ya san daidai abin da kwami ke sha. Abin da bai sani ba shi ne ranar da ruwa zai dawo, kuma wanda bai san ranar ba dole ya mai da gonarsa randa. Kamar matar da famfon unguwarsu ke zuwa sa'ad da ya so: ranar da ya zo, har tukunyar miya sai ta cika, ko da rabin ruwan zai lalace. Ruwan da na bakin ruwa ya tara don tsoro shi ne wanda na wutsiya ya rasa, rashin na wutsiya kuma shi ke sa ya yi sata da dare, satar ta ƙara rikita lissafin mai geti. Kuma mai tarawar ma bai tsira ba, don taki na bin ruwa ya tafi, ƙasa ta jiƙe ta ƙi bushewa, wasu gonakin kanwa ta fito musu fari fat.

Malamanmu sun san mas'alar tun da daɗewa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hukuncin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yanke game da ruwan kwarin Mahzur da Muzainib a Madina: na sama ya riƙe har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. Abin lura shi ne an ba na sama haƙƙinsa, amma an yanka masa iyaka da ma'aunin da kowa ke ɗauke da shi a jikinsa. A Fanjab ta Indiya da Pakistan sun bi wata hanya: sa'o'i 168 na mako ake rabawa gwargwadon girman gona, kowa ya san ranarsa da sa'arsa tun farkon shekara, ko da ƙarfe biyun dare ne. Injiniyoyi na kushe wannan tsari cewa ba ya duba ainihin ƙishirwar shuka. Gaskiya ne. Amma manomin can yana iya tsara shukarsa a kan abin da ya tabbata, ko da kaɗan ne, kuma ni a wurina wannan ya fi ruwa mai yawa da ba a san zuwansa ba.

Sannan injin ban ruwa ya shigo. Hukumar raya aikin gona ta Kano, KNARDA, ta fara yaɗa ƙananan injuna da rijiyoyin burtsatse a fadamu tun shekarun 1980, shirin Fadama na shekarun 1990 ya ƙara baza su, injunan Sin masu araha suka ƙarasa aikin. Na wutsiya ya samu mafita: ya jefa tiyo a magudanar da ke kwashe ragowar ruwa, ko ya haƙa 'yar rijiya, ya ja abinsa. Wasu ma da ba sa cikin taswirar aikin gaba ɗaya suka jefa tiyo a babban kanal suka buɗe gonaki a kan tudu. Inji ya ceci iyalai da yawa, ba na musu. Amma ya raba kan mutane. Wanda ke da inji ba ya zuwa gayyar yasar kwata, ba ya zuwa taro, ba ya ganin dalilin biyan kuɗin ruwa. Sai da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, farashi ya ninka kusan sau uku a 'yan kwanaki, sannan mutane suka tuna cewa ruwan kanal da ƙafarsa yake zuwa. Wasu suka juya injinsu ya koma shan gas, masu hali suka sayi na sola, da yawa kuwa suka dawo suna tambayar yaushe ne taron ƙungiya.

Kada kuma na wutsiyar Kura ya ɗauka shi ne ƙarshe. A idon mutumin Hadeja da Nguru da Gashuwa, duk Kano bakin ruwa ce. Tiga da madatsar Challawa, wadda aka gama a 1992, sun rage ambaliyar da ke shayar da fadamun can, ruwan da ake saki duk shekara kuma ya hana rafuka bushewa, sai kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Wani gari ya nutse, wani ya bushe, duk a kogi ɗaya.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A Gezira ta Sudan, inda dubban Hausawa suka yi aikin auduga tun bayan gina madatsar Sennar a 1925, tsarin ya fi namu tsauri: hukuma ke faɗin abin da za a shuka, ruwa na zagayowa duk bayan mako biyu. Dokar 2005 ta ba manoma 'yancin shuka abin da suke so, ta miƙa ƙananan kanal ga ƙungiyoyinsu, rikicin jadawali irin namu ya biyo baya. A Nijar, an kafa hukumar filayen ban ruwa ta ONAHA a 1978, taron Damagaram na 1982 ya miƙa gudanar da filayen ga ƙungiyoyin manoma, shekaru da yawa kafin Nijeriya ta yi tunanin haka. Su ma sun ga nasu: a Konni laka ta cinye madatsun Mozage da Zango har filin da ake iya nomawa da rani ya ragu ƙwarai. Direbobin da ke kawo mana albasa sun fi kowa iya ba da wannan labari.

Yanzu a Kadawa zamanin ƙungiya ake ciki. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 495 a 2014, ya gyara kanal da geti a Kogin Kano da Bakolori da kwarin Hadeja da wasu wurare, ya kuma sa aka tsara ƙungiyoyin masu amfani da ruwa tun daga kwata har zuwa sama. Hukuma ta riƙe dam da babban kanal, manoma su riƙe ƙanana, su tara kuɗin ruwa, wani kaso ya zauna hannunsu don gyara. Na fi son wannan da na dā, don shugaban ƙungiya maƙwabcinka ne, kuna haɗuwa a masallaci da wurin suna, ba zai iya ɓoye maka ba. Amma maƙwabtakar nan ita ce kuma rauninsa. Da wuya ya ci tarar surukinsa, ya fi wuya ya kulle wa babban ɗan kasuwar da ya yi hayar hekta ashirin a bakin ruwa. In ana so a san ko ƙungiya na aiki, kada a tambayi shugabanta. A je gonar ƙarshe a watan Afrilu a tona ƙasa da yatsa.

Dabarun zamani ma sun iso. Akwai wadda cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta yaɗa: a kafa guntun bututu mai huji-huji a cikin gona, a bar ruwa ya janye har ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, sannan a sake ban ruwa. Ana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba, kuma bututun bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Akwai hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna gonar da ke jin ƙishi, akwai saƙon waya. Duk suna da amfani. Sai dai ka ce wa mutum ya bar shinkafarsa ta bushe da gangan har santimita 15, kana roƙonsa ne ya yarda cewa ranar da ya leƙa bututun ya ga lokaci ya yi, zai tarar da ruwa a kwata. Masu injin kansu sun fi saurin karɓar dabarar, don fetur suke ragewa kuma makullin na hannunsu. Na kanal sai ya ga an cika masa alkawari kaka biyu ko uku a jere. Daga cikin kayan zamanin nan, wanda na ga ya fi sauya rayuwa shi ne mafi ƙanƙanta: mai geti ya aiko da saƙon murya a WhatsApp cewa gobe ruwa ba zai zo ba, sai jibi da hantsi. Ko labarin rashi ne, in ya zo da wuri, ya hana mutum ɗaukar 'yan ƙodago a banza.

Nan kusa da mu, in ka bi hanyar Mission Tove zuwa Kovie, akwai filayen shinkafa da ke shan ruwan Zio ta kanal, waɗanda gwamnatin Togo ta gyara ƙarƙashin shirin PARTAM. Kogin da ya karya gadar Togblekope a ambaliyar 2008 shi ne wanda ake rabonsa da awo in rani ya yi. Manoman can Ewe ne mafi yawa, 'yan Zongo kuwa sayen shinkafar suke zuwa yi, da sayar da taki da buhu. Filin ƙarami ne in aka kwatanta da Kadawa, hekta ɗaruruwa ne ba dubbai ba, amma maganar da ake yi a bakin geti ita ce dai: wa ya buɗe da dare, wa bai biya ba, me ya sa na ƙarshe bai samu ba. Masu saye na Zongo sun koyi tambayar a wane gefen kanal gonar mutum take kafin su ba shi kuɗin gaba, kuma na wutsiya ba ya samun abin da na bakin ruwa ke samu.